Ɗaurin Bijimi a Tabarau

Ranar Juma'a ce ƙanwata Hajara, mai gasar ninƙaya a jami'a, ta zauna a tsakar gidanmu na Zango da sabon tabarau ɗinta na shiga ruwa. Irin wanda mutum ke haɗawa da kansa ne: ƙoƙuna biyu, ɗan zare, da siririyar roba.

"Yaya, bari, akwai yadda ake yi," in ji ta.

Ni da nake dillancin shanu, nake ɗaure bijimi da hannu ɗaya? Na ƙwace. Robar ma raina ta na yi, na sauya ta da igiyar nailan, na ɗora tabarau a fuskata, na yi masa ɗaurin bijimi a ƙeya. Sai na tsunduma kai cikin duro don gwaji, matan gida suna kallo.

Gaskiya ruwa bai shiga ba. Tabarau ma bai fita ba. Na manta halin ɗaurin nan: kana ja, yana ƙara cizo. Ga ladan ya fara kira, gobe kuma gasar Hajara.

Maame Akosua, maƙwabciyarmu, ce ta yanke igiyar da wuƙar albasa, tana dariya har da hawaye.

"Ei, Alhaji Patuo!" in ji ta. Wato mujiya, a yarensu.

Da zobba biyu na shatin tabarau a idanu na shiga masallaci, sahun gaba. Zobban sun goge kafin la'asar. Amma har yau in na taya saniya a kara, sai wani ya ce, "Ku bar shi sai dare, ya fi gani."