Tanimu Zai Tafi Sojan Ruwa

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya tsara magana irin ta littafi ba. Kuma a ɓoye nake yi, in na ji motsi sai in tura takardar ƙarƙashin tabarma. Yadda abin ya faru haka zan faɗa.

A wani ƙauye can gabas da Gumel akwai wata mata mai daddawa, sunanta Tabawa. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya, ɗan farinta shi ne Tanimu. Tanimu dogo ne ƙaƙƙarfa, ba ya faɗa, ba ya ƙarya, shi kaɗai yake nome musu gona. Matsalarsa ɗaya ce, abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. In ka ce ya je ya duba ko tukunya ta tafasa, zai je ya tsaya yana kallo tana zuba a wuta, ya dawo ya ce maka ta tafasa. Tun yana ƙarami matan unguwa suke kiran Tabawa "uwar gwani", ita ma ta san ba yabo ba ne.

Tabawa tana da wa, Kawu Manu, tsohon soja ne da ya yi ritaya yana sayar da taki. Shi ya kai Tanimu Gumel aka nema masa shiga sojan ruwa, shi ya tsaya masa. Da sunan ya fito, gari ya ɗauka. Azumi mai ƙosai, maƙwabciyarsu, ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Uwar gwani, an ce teku za a kai shi? To ki ajiye masa tuwon dare, a ranar za su dawo miki da abinki."

Tabawa ta yi dariyar yaƙe tare da ita. Ita ba albashi take hange ba. So take kawai ya shiga motar sojoji ya tafi, ko sau ɗaya a ce ɗanta ya yi abin da 'ya'yan mutane suke yi. Kawu Manu ya ce, "Zan shirya shi kafin ranar tafiya. Amma Tabawa, fuskata na sa a maganar nan. In ya zubar mini da mutunci, na zare hannuna."

"Yaya, ai yana jin magana."

"Jin maganar ce damuwata."

Wata rana da sassafe Kawu Manu ya fito da shi bakin hanya ya ce, "A can gudu ne abincinku. Kama hanyar nan ka yi ta gudu, kada ka tsaya sai na ce ka tsaya." Tanimu ya ce to, ya zura. Sai ga wani ya zo sayen taki, ciniki ya yi tsawo, daga nan aka shiga hirar damina, Kawu ya manta sam. Rana ta take, Tabawa ta zuba koko ya huce, babu yaro babu labarinsa. Can wajen la'asar wani ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "Wai ɗan gidan nan wa ya biyo shi? Na gan shi ya wuce kasuwar Maigatari da gudu, har wasu sun bi shi suna zaton ɓarawo ne." Sai da Kawu ya hau bayan babur ɗin ya je ya same shi ya ce tsaya, sannan ya tsaya. Da ya dawo ƙafa duk ta kumbura, Tabawa tana gasa masa da ruwan zafi ta ce, "Kai ba ka gaji ba ne?" Ya ce, "Na gaji, Inna. Ba a ce in tsaya ba."

Wata rana kuma Kawu ya ce, "Kai tun da aka haife ka ba ka taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawu ba. Ka nemi ruwa ka shiga ka daɗe a ciki, jikinka ya saba." To garin ba kogi, kududdufin ma ya ƙafe. Ruwan da yake a tare wuri ɗaya shi ne na kwamin siminti da ake shayar da shanu a bakin famfon burtsatse. Tanimu ya tuɓe riga ya kwanta a ciki, kansa kaɗai a waje. Makiyaya suka iso da garke, shanu suka ga kan mutum yana ƙifta ido a cikin ruwansu, suka ja da baya suka watse cikin lambun albasar mutane. Aka aiko a kira Tabawa. Ta zo ta tarar da rabin gari a tsaye, ga Azumi da tirenta a ka tana cewa, "Ku ba shi wuri, jirgi ne zai taso." Tabawa ba ta iya ɗaga ido ba. Ta ce ƙasa ƙasa, "Fito mu tafi." Ya ce, "Inna, na daɗe?" Ta ce, "Ka daɗe." Hanyar bayan gari suka bi suka koma gida, shi yana ɗigar ruwa, ita tana jan mayafi.

Wata rana Kawu ya sayo usur. Ya ce, "In ka ji an busa wannan, duk abin da ke hannunka ka sake shi, ka ruga wurin da aka busa ka ƙame." Suka yi ta gwaji a bayan gida, Kawu har ya fara jin daɗi, ya ce wa Tabawa yaron nan akwai sauri. Ranar sunan jikar Azumi, Tabawa ta dama kunun gyaɗa cikin babbar tukunya, ta ce ko ba komai yau ta fita kunyar maƙwabtaka. Ta ɗora wa Tanimu ya kai. Ya shiga tsakar gidan kenan, mata sun cika maƙil da sababbin atamfofi, sai alƙalin wasa ya busa usur a filin ƙwallon samari. Tanimu ya saki tukunya. Kunu ya wanke zannuwan mutane, ya malala har ƙofar ɗakin mai jego, shi kuwa ya tsallake wata tsohuwa ya fice. A tsakiyar fili aka same shi a ƙame, 'yan ƙwallo suna zagaye shi. Tabawa ta yini tana goge tsakar gidan Azumi da tsumma. Ba wadda ta zage ta, wannan ya fi mata ciwo. Sai dai ta ji wata tana cewa, "Allah sarki, jarrabawa ce."

Wanda ya fi duka muni shi ne na gidan mai gari. Wata rana Kawu ya ga Tanimu ya durƙusa yana gaishe shi, ya ce, "Tashi. Soja ba ya durƙusa wa kowa. Ka buga ƙafa, ka sara, ka ɗaga murya yadda na nesa zai ji." Bayan kwana kaɗan ƙanin mai gari ya rasu. Dattawa suna zaune a kan tabarmi, kowa ya zo sai ya cire takalmi ya tsuguna ya yi gaisuwa a hankali. Sai ga Tanimu da takalminsa, ya tako har gaban mai gari, ya buga ƙafa ƙura ta tashi, ya sara, ya kwarara murya, "Ranka ya daɗe, ya haƙuri!" Wani tsoho da yake gyangyaɗi ya zabura ya kifar da buta. Tabawa tana cikin gida wurin mata, ta ji muryar ta gane ta. Duk mata suka juyo suna kallonta. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da yamma Kawu Manu ya shigo ko zama bai yi ba. "Na gama. Ba zan kai shi gaban manya ya mai da ni abin dariya ba. Ya zauna ya yi noma."

Tabawa ta ce, "Yaya, duk abin da ya yi kai ka ce ya yi."

"Na ce ya je gidan makoki ya yi fareti?"

"Ba ka ce kada ya yi ba."

Kawu ya juya zai fita. Ita kuma ta sunkuyar da kai, don ba ta taɓa mayar masa da magana ba. Ta ce, "In ka fasa, har in mutu ba zan iya fita ɗiban ruwa ba. Ka kai shi, in sun koro shi su suka koro shi." Ya juyo ya ce, "Zan kai shi. Amma daga bakin ƙofar wurin ban san shi ba."

Ana gobe tafiya aka tura shi wurin wanzami, Kawu ya ce a aske tas, kada a bar gashi ko ɗaya a kan. Wanzami ya gama zai naɗe askarsa, Tanimu ya riƙe masa hannu ya nuna gira. Wanzami ya ce ba a aske wannan. Tanimu ya ce, "A kai take." Haka ya dawo gida fuska sumul kamar ƙwai. Tabawa ta ɗauko kwalli ta zana masa gira, ta ga abin ya ƙara lalacewa, ta goge.

Washegari suka tafi Dutse, inda ake tara 'yan jihar a ɗebe su zuwa kudu wurin horo. Tabawa ta ce sai ta raka. Iyaye suka tsaya a bayan shingen waya, samari suka shiga fili da jakunkunansu. Wani ofisa cikin fararen kaya ya jera su layi layi, ya ce da Turanci ya kuma maimaita da Hausa, "Kowa ya tsaya inda yake. Kada wanda ya motsa sai na dawo." Ya shige ofis.

Rana ta yi zafi, ofisa bai fito ba. Can sai doguwar mota ta shigo ta tsaya a gefen fili. Yaron motar ya buɗe ƙofa ya ce da wani, yadda kowa zai ji, kujerun nan da wuya su isa. Shi ke nan. Ɗaya ya ɗauki jaka ya ruga, na biyu ya bi, kafin ka ce me layi ya watse. Ana ture juna a ƙofa, wasu ta taga suke shiga, iyaye daga waje suna ta ihu kowa yana kiran nasa ya yi sauri. Fili ya zama wayam, sai mutum ɗaya a tsakiya, dogo, ba gira, jaka a gefen ƙafa, gumi yana zuba.

Direba ya tayar da inji. Tabawa ta kama wayar shingen da hannu biyu. So take ta ƙwala masa kira, amma ɗan fari ne, bakinta bai taɓa faɗin sunansa ba, ba kuma a gaban jama'a za ta fara ba. Ta ce, "Yaya, ka yi masa magana, za su tafi su bar shi." Kawu ya ja hula ya rufe goshi, ya ce a hankali, "Na faɗa miki daga bakin ƙofa." Amma ya kasa daurewa, ya ɗaga murya, "Kai Tanimu, shiga mota." Tanimu ko ƙifta ido bai yi ba. Wannan karon ba Kawu ne ya ba da umarni ba.

Mutane suka fara dariya. Wani mai babbar riga ya ce, "Wannan gunkin ɗan waye? Ko an dasa shi ne?" Wata ta ce, "Dubi fuskarsa don Allah." Tabawa ta saki waya ta ja mayafi har hanci. Ta fara tunanin motar komawa gida, da katangar Azumi, da yadda za ta shiga gari da shi a bayanta.

Sai ofisa ya fito. Ya dubi fili, ya dubi mota. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Wa ya ce ku motsa?" Aka kashe inji. Aka sauko da su ɗaya bayan ɗaya, aka sa su tsallen kwaɗo da jakunkuna a ka, suna zagaye filin. Biyu da suka fasa wa juna baki a kan kujerar taga aka ce su ɗauki kayansu su koma gida, ɗaya ɗan mai babbar rigar nan ne. Ofisa ya zo gaban Tanimu ya tsaya yana kallonsa.

"Me ya hana ka shiga mota?"

"Ba ka dawo ba, ranka ya daɗe."

"In da ta tafi fa?"

"Da ka dawo ka same ni."

Ofisa ya juya ya yi tari, ina jin dariya ce ya danne. Ya ce, "Ɗauki jakarka ka tsaya a ƙofar mota. Ba mai shiga sai ka shiga, kuma har mu isa kai ne shugabansu." Sannan ya dubi wajen shinge ya ce wa ya kawo wannan. Kawu Manu ya ture hula baya, ya buga ƙafa ya sara, ya ce, "Ni ne, yallaɓai. Ni na hore shi da hannuna."

Matar da ta ce a dubi fuskarsa ta matso kusa da Tabawa. "Baiwar Allah, na ga kun yi kama. Ba naki ba ne?"

Tabawa ta ƙara jan mayafi, don bakinta ya ƙi rufuwa kuma ba ta so a gani. Ta ce, "Na yayana ne." Ba ta ɗaga hannu ba da motar ta fita, amma ba ta bar wurin ba sai da ta daina hango ta.

Da suka sauka a gari da magariba, ta babbar hanya ta bi, a hankali, har tana tsayawa gaisawa da mutane. Ga shi ana kirana, na bar wake a wuta kuma ina jin ƙauri, bari in tura wannan ƙarƙashin tabarma kafin a