Man Gyaɗa a Rigar Ƙwallon Maigida

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da wata Asabar da na tara manya a falona don in sasanta maza biyu, amma aka tashi taro ni ce ke neman inda zan ɓoye fuskata.

Bari in faro daga tushe. Ni dai matar gida ce a nan Greensboro ta Amurka, aikina girki da wanki da kai yara makaranta. Maigidana, Abban Amira, yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Mutum ne mai sanyin hali kwana shida a mako. Ranar Lahadi kuwa, da an fara ƙwallon Amurkawan nan mai siffar gwanda, wadda ƙarti ke sa hular kwano suna tunkuɗar juna kamar raguna, sai in rasa gane mijin da na aura.

Abokin kallonsa Alhaji Issaka ne, Bahaushen Gana ɗan zango, mai sayar da motoci na hannu a Gate City Boulevard. Kowa da ƙungiyarsa. Mako guda a gidanmu, mako guda a nasu can McLeansville, su suna ihu a falo, ni da matarsa Anti Memuna muna kicin muna hirarmu. Kuma Anti Memuna ba ƙawa kawai ba ce a wurina. Lokacin da na haifi Amira, mahaifiyata tana Kano ba ta sami biza ba, Anti ce ta yi ta tuƙo mota kullum da safe har kwana arba'in, ta dafa min ruwan wanka, ta dama min kunu, ta yi min faɗa idan na ƙi sha. A ƙasar da maƙwabci ke ɗaga maka hannu daga nesa ya shige, wannan ita ce uwata.

To, wata Lahadi ƙungiyar Alhaji ta lallasa ta Abban Amira. Washegari intanet ta ɗauka: wai 'yan wasan Alhaji mai suka shafa a rigunansu, shi ya sa duk wanda ya kama su sai hannunsa ya sulluɓe. Ana ta yawo da bidiyo, an zagaye kafaɗar wani da jan layi tana ƙyalli. Da a nan aka tsaya da sauƙi. Sai maigidana, mai sanyin halin nan, ya shiga guruf ɗin mazan masallaci ya rubuta cewa duk mai goyon bayan 'yan maguɗi shi ma abin bincike ne, kuma wanda zai sayi mota a hannun irinsu ya duba mitar da kyau.

Shi a wurinsa wasa ne. A wurin Alhaji kuwa an taɓa sana'arsa a gaban mutanen da ke sayen mota a hannunsa. Ya fita daga guruf. Juma'a biyu a jere, idan an idar da salla a masallaci ɗaya na fita ta ƙofar gaba, ɗaya ta ƙofar fakin.

Sai Anti ta kira ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Ei, 'yar'uwa, Alhaji fa ya yi fushi sosai. Ya ce kada in ƙara taka gidanku. Har ya ce masar suna ma a ba wata ta yi."

'Yarta Rahina tana watan haihuwa, kuma shekara da shekaru ina jiran wannan rana don in rama wa Anti ko kaɗan daga abin da ta yi min. Na riga na sayi shinkafar masa. Yanzu a ce wata ce za ta soya, ni kuma in ga hoton suna a waya, saboda wasu ƙarti da ba su san da zamanmu a duniya ba? Na ajiye waya na yi kukana na more.

Da na share hawaye sai na kira Malam Garba, dattijon da ke ja mana tafsiri da azumi, wanda ko 'ya'yanmu masu amsa Hausa da Turanci sukan rusuna idan sun gaishe shi. Na roƙe shi ya zo ranar Asabar bayan la'asar ya yi musu nasiha. Ya amince, kuma shi da kansa ya kira Alhaji, don ya san ba zai iya ƙin kiransa ba.

Da na tsaya a nan, da yau ba ni da labari. Amma sai wata zuciya ta ce min, ke da kika haɗa sulhu, ai ya kamata ki san kan maganar, kada ki zalunci wani ko a ranki ne. (Wai ni mai adalci.) Don haka bayan azahar, yara suna makaranta, na zauna da waya na buɗe bidiyon.

Kallon farko ban gane komai ba, sai dai na yi ta salati duk sanda aka danne wani. A kallo na biyar na fara gane wane ne ke gudu da wane ne ke binsa. Sai na ci karo da hirar da 'yan jarida suka yi da yaron da aka zagaye wa kafaɗa. Ƙato ne, wuyansa kamar turmi, amma idonsa ya yi ja, muryarsa na rawa. Na ce wayyo, ɗan wata ne fa wannan, uwarsa na can tana kallo ana kiran ɗanta macuci. Tun daga lokacin, ban ankara ba, na koma ƙungiyar Alhaji.

Sannan kuma abin ya shigo fagena. Ƙwallo ban sani ba, amma tabo a jikin tufafi? Shekara goma sha tara ina wanki. Na san tabon manja, na san na miyar kuka, na san zufar mutumin da ya ce wai bai yi gudu ba. Na ce bari in gwada da hannuna. Matsalar ita ce dole sai yadi irin nasu mai santsi, kuma guda ɗaya tak ke gidan: rigar ƙungiyar Abban Amira, wadda yake rataye ta cikin leda kamar kayan Sallah, ba ya ma bari in haɗa ta da sauran wanki.

Na ce ai sabulu zai fitar.

Na shimfiɗa ta a kan teburin kicin. Kafaɗar dama na shafa man gyaɗa, ta hagu na yayyafa ruwan gishiri a madadin zufa. Na ɗaga ta saitin fitila, na juya, na kwatanta da bidiyo, har da runtse ido ɗaya kamar mai duba gwal. Sakamako ya fito ƙarara: mai yana barin zobe a gefensa, zufa kuwa bazuwa take yi. Na yaron nan babu zobe. Zufa ce! Na yi hamdala kamar ni aka wanke daga zargi.

Sai dai sabulu bai fitar ba. Wanki uku, tabo na nan daram, faɗinsa ya kai tafin hannu. Na naɗe rigar na tura ƙasan akwatin zannuwana. Da Abban Amira ya tambaya ko na ga rigarsa, na ce, "Ka duba da kyau, tana cikin gidan nan." (Ba ƙarya na yi ba, amma Allah Ya yafe min.)

Asabar ta zo. Na soya masa, na yi miyar taushe, na haɗa zoɓo. Malam ya zauna a kujerar tsakiya, Alhaji a dama ya haɗe rai yana jan carbi, maigida a hagu yana kallon kafet. Ni da Anti muna bakin ƙofar kicin, na saka hijabina mai ruwan toka, na yi fuskar mutanen kirki.

Malam ya fara a hankali. Ya tuna musu cewa bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, ga su sun doshi mako uku. Ya ce wa maigida sana'ar mutum mutuncinsa ce, ba a wasa da ita a gaban jama'a. Maigida ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne, Malam, na yi kuskure." Fuskar Alhaji ta fara saki. Anti ta matse min hannu. Na ɗauko tire na nufo su, raina fes, saura ƙiris a yi musabaha.

Sai Malam, don ya raba laifi daidai, ya juya wajen Alhaji.

"Kai kuma Alhaji, ka yi haƙuri. Ko da yaran naka sun shafa man, ai ba kai ka shafa musu ba."

"Sun ma shafa, Malam," in ji maigida a hankali, kamar mai gyara karatu. "Kowa ya ga ƙyallin."

Har yau ban san me ya shige ni ba. Na dire tiren da ƙarfi har zoɓo ya fantsama.

"Kai Habibu, ka ji tsoron Allah! Zufa ce!"

A nan sai na ɗan yi bayani saboda yaran yanzu. Tun ranar da aka kai ni ɗakinsa bakina bai taɓa furta sunan mutumin nan ba. Ko a asibiti aka tambaye ni sunan miji, katinsa nake miƙawa. A gidanmu, ƙanina mai irin sunan ma Mai Suna nake ce masa tun da na yi aure. Yau ga shi na kwaɗa shi gatsau, har da "kai", a gaban Malam.

Kuma ban tsaya ba, wannan ne abin takaicin. Malam ya buɗe baki zai yi magana na ce, "Malam, dakata tukuna, ina da hujja!" Na ruga ɗaki, na burkice akwati, na dawo da riga na baje ta a gaban dattijo kamar mai tallan gwanjo.

"Ga mai nan, kun ga zobe? Ga inda na sa ruwan gishiri, akwai zobe? A kafaɗar yaron nan akwai zobe? An zalunci bawan Allah, ana ta yi masa ƙazafi, ku kuma kuna tayawa!"

Sai da na kai aya na ɗago na dube su. Anti ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Carbin Alhaji ya tsaya cak. Maigida kuwa ba ni yake kallo ba, rigar yake kallo, kamar wanda aka nuna wa gawar ɗan'uwansa.

"Rigata ce wannan?" ya ce da wata 'yar ƙaramar murya.

Malam ya gyara gilashi, ya duƙa ya duba kafaɗar dama, ya duba ta hagu, tsakaninsa da Allah. Ya ɗago ya ce, "Hajiya, sulhu kika kira ni ko kotu? Da kin faɗa min da na taho da shaidu."

Alhaji Issaka ne ya fara fashewa. Ya yi dariya har hularsa ta faɗo, yana dukan cinya yana cewa, "Ei! Ei! Habibu, ashe lauyana a cikin gidanka yake kwana! Kai kana zagina a guruf, madam tana kicin tana yi min bincike!" Maigida ya yi ta ƙoƙarin riƙe fushinsa, ya kalli riga, ya kalli Alhaji, sai shi ma ya kece. Ban ga lokacin da suka tafa ba, na dai ji Alhaji yana cewa, "Na yafe, wallahi na yafe. Wanda aka yi wa rigarsa haka ai ya riga ya biya."

Ni kuwa na sulale kicin na tsaya fuskata a jikin firij. Anti ta biyo ni tana share hawayen dariya.

"'Yar'uwa, sake faɗa in ji. Wane ne zai ji tsoron Allah?"

"Anti, don girman Allah ki bari."

"Ba zan bari ba. Kuma ki jiƙa shinkafarki, masa taki ce."

Kwana tara bayan haka Rahina ta sauka lafiya, da suna ya zagayo na soya masa tun hantsi har kafaɗata ta ƙage, ban taɓa jin daɗin gajiya irin ta ranar ba. Sai dai labari ya riga ni isa McLeansville. Ina shiga mata suka ɗauka, "Ga Rafali nan! Sannu da zuwa, Rafali!" Wata ma ta miƙo min gefen zaninta wai in duba mata ko mai ne ko zufa. Maigida ya koma guruf ya janye maganarsa a gaban kowa. Rigar kuma ya ƙi yarwa, ita yake sakawa duk Lahadi da tabonta, idan baƙo ya tambaya sai ya ce, "Tambayi ƙwararriya, tana kicin."

Shin yaran sun shafa man ko ba su shafa ba, har yau mazan ba su daidaita ba, ni kuma an hana ni sa baki. Abin da na koya dai shi ne, idan ka haɗa sulhu, ka ajiye tire ka koma kicin tun kafin a zo kan hujja. Idan kuma bincike ya zama dole, a yi shi da rigar wani.

(Amma tsakanina da ku, zufa ce.)