Rasuwar 'Yar Juyi ta Kantin Littattafai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka ƙi bushewa, 'yar mai kantin littattafai ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar ƙaramar da'irar nan da ke juyawa a fuskar kwamfuta kafin shafin kantinsu na intanet ya buɗe, wadda aka fi sani da 'Yar Juyi.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ba ta taɓa gaggawa ba, ba ta kuma taɓa barin wani ya yi ba. Masu saye sun zage ta, sun rufe shafin sun koma wani kantin, ba ta rama ba. Iyakar abin da aka taɓa ji a gabanta shi ne nishin fankar kwamfuta, fuuu, fuuu.

Ajalinta ya kusanto ranar da Baba ya gaji da guduwar masu saye, ya ɗauko mai gyaran shafi, wani saurayi mai sanyin murya. Kullum da hantsi yakan ja kujera kusa da yarinyar, ya danna gwajin sauri, su zuba ido suna jira. A nan marigayiyar ta yi alherin da ba za a manta ba. Tana juyawa, shi kuma yana cewa, "To Malama, kafin gimbiyarku ta gama rawa, me ake karantawa yau?" Yarinyar da ko gaisuwa sai ta maimaita a zuci, sai ga ta tana zuba kamar an kunna rediyo.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Mai gyara ya rage nauyin hotunan littattafai, marigayiyar ta rame. Ya share tarkacen da ke bayan shafi, ta fara juyawa da ƙyar. Hira ta koma daga labari zuwa 'yan kalmomi. Ranar ƙarshe yarinyar ta zo da maganar da ta daɗe a maƙogwaronta. Ya danna. Ta ja numfashi. Shafi ya riga bakinta buɗewa.

"Alhamdu lillahi, aiki ya ƙare," in ji shi, yana naɗe igiyar caji.

Ta rasu ta bar Baba, wanda ya kasa ɓoye murmushinsa a gaban gawa, da Inna, wadda ta kalli 'yarta ta ce, "Ikon Allah, gida na murna, ke kina takaba?" Ta kuma bar kujera ɗaya ba kowa a kanta.

Ba za a yi wanka ko likkafani ba, domin ko ƙurarta ba a samu ba. Ana karɓar gaisuwa a bayan teburin kanti, bayan an tashi ciniki. Ana roƙon masu ta'aziyya su haɗiye kalmar "ai gara haka".

Shi kuwa mai gyara, idan sanarwar nan ta riske shi, ya sani cewa da safiyar yau wani hannu ya ɗora wa shafin manyan hotuna masu nauyi, kuma an ga kamar gawar ta motsa. An dakatar da jana'iza sai ya zo ya duba.