Rijiyar da Na Yi Shekara Huɗu Ina Haƙawa a Takarda

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da sabuwar darakta ta ce in raka ta Limawa ba.

A ofishinmu na Jimeta ni ke rubuta rahoton ayyuka, kuma ina da wata kalmar Turanci da nake ji da ita: ongoing. Ma'anarta dai an fara abu, ana kai, ba a gama ba. Daɗinta shi ne ba ta faɗin yaushe aka fara, balle yaushe za a gama. (Har sababbin ma'aikata nake koya wa ita, ina hura hanci.)

Akwai rijiyar burtsatse a Limawa da aka fara haƙa wa mutanen da rikici ya koro daga Mubi. Shekara huɗu ina liƙa mata ongoing, ban taɓa taka wurin ba. Sai ga Hajiya darakta, ga kuma takardar ƙarin girmana a kan teburinta tana jiran sa hannu.

Tun a mota asirina ya fara tonuwa, don sai da direba ya tsaya sau biyu yana tambayar hanya. Da muka isa, rami muka tarar da guntun bututu mai tsatsa. A bakin ramin gwanda ta fito, har ta yi 'ya'ya.

Wata tsohuwa ta ajiye jarkokinta ta gaishe mu. Hajiya ta miƙo min rahotona.

"Malam, karanta wa Goggo abin da ka rubuta. Da Hausa."

Na ce, "Goggo, wai... ana kan aiki."

Ta dubi ramin, ta dubi gwandar, ta dube ni.

"Su waye ke yi, ɗana? Aljanu? Mu kam tun da mun zo, bayan makaranta muke zuwa ɗiban ruwa. Ƙafa na duk ya kumbura."

Direba ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga kai, wallahi har da tausayinta. Goggo ta tsinko gwanda ta ba ni, wai in kai wa masu aikin rijiyar.

Ƙarin girma ya wuce ni a shekarar. Rijiyar kuwa wata biyu aka yi aka gama ta.

Tun daga ranar, duk kalmar da ba zan iya faɗa wa Goggo da Hausa ba, ba na rubuta ta da Turanci.