Nomau da Ƙwayar Gwiwar Inna

A Tungar Kaba akwai wani mutum wai shi Nomau. Ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba. Abin da aka faɗa masa dai shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Su uku ne a gida: shi da matarsa Tabawa da mahaifiyarsa Inna Yalwa, wadda gwiwarta ta kumbura har salla ma sai a zaune.

Wata rana ya kai Inna asibitin sha-ka-tafi. Malamin asibiti ya ba su ƙwayar rage zafi da kumburi, ya ce, "Tana aiki, amma tana cin ciki. In ta ci abinci sannan ka ba ta." Layi biyun da aka ja a takardar, wato safe da yamma, Nomau ya ɗauka ado ne. Washegari ana suna a maƙwabta, Inna ta ci waina, sai ga shi tsakiyar mata da ƙwaya da moɗa. Ta sha. Aka kawo fura, ya dawo. Aka miƙa mata goro, ya sake dawowa.

"Ɗan nan, kashe ni za ka yi?"

"An ce in kin ci, Inna."

Mata suka kwashe da dariya. Tabawa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta sulale gida.

Wata rana ya kai ƙarar Inna wurin malamin asibiti wai ta ƙi magani. Malamin ya dafe kai, ya ce, "Sau biyu rak a yini. Kuma kullum ka tambaye ta, in bayan gidanta ya yi baƙi, jini ne ke zuba a ciki, a kawo ta nan take." Da la'asar liman ya zo dubiya. Ana tsakiyar addu'a Nomau ya tuna.

"Inna, yau ban tambaye ki ba. Da kika zagaya, wane launi ne?"

Liman ya shafa fatiha tun bai kai ƙarshe ba. Kwana biyu Inna ba ta amsa gaisuwar ɗanta ba.

Wata rana malamin ya ƙara masa gargaɗi: "Kada wani maganin ciwon jiki ya shiga gidanku har ta gama wannan." Nomau ya kafa kujera a zaure yana laluben aljihun kowa. Sai ga surukinsa, Malam Barau mahaifin Tabawa, da ƙullin ƙwayoyi irin wanda masu talla ke haɗawa a leda, ya kawo wa Inna.

"Baba, kai ka shiga, ledar ta tsaya."

"Ni kake tarewa a ƙofar 'yata?"

"Ba kai ba, Baba. Ledar."

Ya zura hannu a aljihun tsohon ya zaro ta, jama'a na kallo. Tabawa ta shige ɗaki tana kuka. Malam Barau ya fizge ledarsa, ya nufi asibiti don ya ji wanda ya ɗaure wa wannan rashin kunya gindi.

Malamin ya zazzage ledar a tebur. Uku daga ciki duk dangin ƙwayar Inna ne. Ya ce da ta haɗa su da tata, ga tsufa, da cikinta ko ƙodarta ba su kai labari ba. Can Malam Barau ya ce ƙasa-ƙasa, shi ma shekara guda ke nan yana shan ƙullin nan kafin karin kumallo, kuma ƙirjinsa kullum kamar an zuba barkono. Aka kwantar da shi a benci aka fara duba shi.

Bayan mako guda Inna ta yi salla a tsaye. Nomau kuwa kunya ta hana shi haɗa ido da surukinsa. Da tsohon ya sake zuwa, sai ya tsaya a bakin zaure, ya juye aljihunsa biyu da kansa, sannan ya yi sallama.