Rasuwar Ƙyauren Zauren Alhaji Iro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da babban yatsa mai ciwon guduma, Alhaji Iro dillali na Ƙofar Marusa yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar ƙyauren zaurensa, wanda ya faɗi ranar Talata da hantsi bayan doguwar jinya.

Marigayin ya girmi duk 'ya'yan gidan. Katako ne na da, mai nauyi, mai sanin mutane. Ɗan gida ya san sai an ɗan ɗaga shi da gwiwa kafin a tura, sai ya ce ƙiii, ya ba da hanya. Baƙo kuwa turawa kawai yake yi, marigayin ya cije, ya yi gurnani, gurrr. A cikin wannan gurnanin Alhaji kan yanke shawara ko yana gida ko ya fita. Masu son a raba musu rigimar iyaka, da masu neman ɗan rakiyar neman aure, da surukin nan nasa mai labarin siyasa, duk sun sha komawa a kan Alhaji ba ya nan. Marigayin bai taɓa tona masa asiri ba.

Ciwon ya soma ne da damina. Ya kumbura, ya karkace, ya shiga jan ƙafa, har 'yan gida ya daina saurara wa. Uwargida Hajiya Mero ta ce a kira kafinta. Alhaji ya ga mutumin da ya sayar da gidaje a rabin Katsina bai kamata katako ya gagare shi ba. Ya ba shi baƙin mai, ya cusa kwali, ya lallashe shi da guduma. Da abin ya ƙi, ya aro zarto wajen maƙwabcinsa Sagir, ya rage masa ƙafa ana tsakiyar ruwan Agusta.

Ya samu sauƙi har kaka. Da rani ya kama, kumburin ya saɓe, sai ga rata a ƙasa wadda kaza ke wucewa ba ta sunkuya ba. Alhaji ya buga masa falanki ya toshe. Nauyin ya yi wa tsoho yawa, ƙusoshin sama suka fara zarewa, ashe gara ta daɗe da cinye wurin da suke riƙe. Ranar Talata Nabil, autan gidan, ya zo shigar da babur, ya ɗaga shi da gwiwa yadda aka koya masa. Marigayin bai ce ƙiii ba. Garam kawai aka ji. Har yau Alhaji damina yake zargi.

Ya rasu ya bar sakata ɗaya, da kwaɗo mai makulli biyu, da wani buhu da aka rataya a gurbinsa, wanda ko iska ba ya iya ce wa dakata.

Za a fitar da shi ranar Asabar bayan la'asar, a kai shi wajen Hajara mai ƙosai, wadda ta yi alkawarin sallamarsa a murhu a hankali, guntu-guntu. Ba za a yi masa wanka ba, tunda ruwa ne ya fara kayar da shi.

Ana karɓar gaisuwa a zaure. Ba sai an ƙwanƙwasa ba, babu abin ƙwanƙwasawa. Kowa ya zo zai tarar da Alhaji, har surukin nan. Yana nan. Ba shi da sauran mai ce masa ba ya nan.