Ƙauri a Motar Sani

Marigayi Malam maigidana, Allah ya ji ƙansa, gyaran wayar mota yake yi a Sabon Gari, kuma da hanci yake gano wayar da ta ƙone. Har yau in na tuna shi sai na yi ƙwalla.

Bara motar ɗana Sani, irin mai aiki da fetur da batir, ta ƙi shiga giya a ƙofar gidanmu a Fagge. Da ita yake haya yana ciyar da mu. Na shiga na sunkuya kan maɓallin giyar, na shinshina yadda ubansa yake yi, sai na ji ƙauri.

Na ce, "Waya ta ƙone a ƙarƙashin nan."

"Inna, a bari a sa mata kwamfuta."

"Ubanka da kwamfuta ya raine ka?"

Aka ja ta zuwa garejin Baba Rasaki, aminin marigayin, ina biye. Don ganin girmana ya kwance gaban motar gaba ɗaya, Sani ya wuni ba aiki. Wayoyi lafiya lau, soket ɗaya ne ya saki. Baba Rasaki ya ce, "Hajiya, dubi bakin mayafinki." Ashe garwashin turare ne ya ci shi, ƙaurinsa na ji.

Yanzu ko tuwo ne ya kama, sai jikoki su ce, "A kira Injiniya."